Shafi Biyun da Malam Zubair Ya Cire

A Gwandu, in ka ce Malam Zubair za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Malamin Wake, kowane ɗan kabu-kabu zai kai ka har ƙofar gidansa. Shekara talatin da uku ya yi yana aikin malamin gona, a kan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga nesa. Ya bi Kambaza, ya bi Maruda, ya bi ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Gero ya sani, albasa ya sani, amma abin da ya ba shi suna shi ne ajiyar wake. Ya san yadda za a yi wake ya kai wata damina ƙwari ba su mayar da shi gari ba, kuma duk wanda ya taɓa buɗe buhu ya tarar da ƙura maimakon abinci ya san wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Mutum ne dogo siriri, mai yawan gaisuwa. Ba ya tsoron maciji, don ya sha zura hannu cikin rumbu ya taɓo abin da ba hatsi ba. Abin da yake tsoro a duniya shi ne bakin mutane, musamman a ce ya raina wani. In ya wuce majalisa, daga baya ya tuna akwai wani dattijo a lungu da bai ɗaga wa hannu ba, sai ya juyo da babur daga bakin kasuwa ya dawo ya gaishe shi. Matarsa Kubura takan ce da gaisuwa noma ce, da gidansu ya fi kowane gida rumbuna a unguwar.

Da ya yi ritaya sai zama ya ishe shi. Mahaifinsa mai kwafar littattafai ne da hannu, da tawada da alƙalamin kara, don haka tun yana yaro ya tashi da ganin cewa mutumin da ya san abu bai rubuta ba ya yi rowa. Ya sayo littattafan rubutu na 'yan firamare, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya duƙufa. Shekara biyu yana yi. Ya rubuta yadda ake shanya wake har sai ya yi ƙas a haƙori, yadda ake cuɗa shi da toka ko barkono, yadda ake amfani da buhu mai leda a ciki ko durom mai murfi. Ya kuma rubuta babi guda a kan ƙwayar nan da ake sa wa hatsi, wadda take narkewa a hankali ta fitar da iska mai kashe duk abin da ke numfashi a cikin buhu. A can ƙarshen littafin ya sa shafi biyu, ya kira su Gargaɗi. A ciki ya ce iskar ƙwayar ba ta san bambancin ƙwaro da mutum ba, kada a kuskura a ajiye buhun a inda ake kwana.

A farkon littafin kuwa akwai godiya, shafi biyar cur. Ya gode wa masu sarauta ɗaya bayan ɗaya, da malaman da suka karantar da shi, da duk wanda ya taɓa zama shugabansa a ma'aikata, da limamai, da masu unguwanni, da sarakunan noma na ƙauyuka goma sha tara. Kowane suna da laƙabinsa da addu'arsa. Wannan sashen ya fi kowanne ba shi wahala, don sau shida yana sake shi, kullum ya tuno wanda ya manta.

Wani kamfanin buga littattafai a Zariya ya fara aika wa. Bayan wata huɗu wata edita mai suna Malama Safiya ta kira shi a waya. Ta ce littafin yana da amfani ƙwarai, suna so. Ya ji daɗi har ya miƙe tsaye yana amsa wayar. Sai ta ci gaba. Ta ce za su ba wani masanin magungunan gona ya duba, sannan a gyara, sannan ya shiga layi, abin zai ɗauki shekara ɗaya da rabi in an yi sa'a. Ta ce Hausarsa ta yi Sakkwatanci da yawa, za su daidaita. Ta ce Gargaɗin nan ba wurin zamansa ba ne ƙarshe, shafin farko ya kamata ya zo, da manyan baƙaƙe. Godiya kuwa, layi biyar ya ishe ta. Ya koma ya zauna a hankali. Ya tambaye ta ko shafi biyar ta ce, ta ce a'a, layi biyar.

A satin nan aka kwatanta masa shagon Nathaniel a Kalgo. Nathaniel mutumin Zuru ne, mai faran-faran, yana da injin buga takardu a kusa da hanyar jami'a. Kundin ɗalibai yake bugawa, da kalanda, da katin biki, lokaci-lokaci da littafin wani malami. Ya juya rubutun ya ce sati uku ya gama. Ba zai taɓa ko wasali ɗaya ba, abin da Malam ya kawo shi zai fito, kuma littafi na Malam ne, ya raba yadda ya ga dama.

Kwanaki Malam Zubair ya yi yana auna abin, kuma gaskiya ya auna. Ya san kamfani zai kai littafin Kano da Katsina da wuraren da bai taɓa takawa ba, alhali in shi ya buga, iyakarsa inda babur ya kai. Ya tuna mahaifinsa ba ya sakin kwafi sai ya zauna da wani malami, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin sabon, don ido ɗaya ba ya ganin kuskurensa. Wannan ido na biyun ne kamfani zai ba shi. Amma shekarunsa sittin da uku, hawan jini na taɓa shi, kuma abokan aikinsa biyu sun rasu a shekarar. Yana tsoron ya mutu bai riƙe littafin a hannu ba. Yana tsoron a wanke masa Hausa har mutanen Maruda su karanta su ce wannan ba muryar Malam ba ce. Fiye da duka, in ya rufe ido sai ya ga wani sarkin noma yana bin layi biyar da yatsa, yana neman sunansa bai gani ba. Kubura ta ce masa ita dai tana ganin matar nan ta Zariya ta san aikinta, ya daure ya jira. Ya ce ita ba ta san yadda ake zama da mutane ba. Ya kai wa Nathaniel aikin, kwafi ɗari uku.

Tun ba a fara bugu ba ya sa ranar ƙaddamarwa, ya bi gida-gida ya gayyaci manya, aka amsa masa. Saura kwana goma sai Nathaniel ya kira ya ce akwai 'yar matsala. Da ya je, Nathaniel ya ɗauko babbar takarda ya naɗe ta a gabansa, ya nuna masa cewa kowace ɗaya shafi goma sha shida take bayarwa. Huɗu suna ba da sittin da huɗu, littafin kuwa ya tashi sittin da shida. Ya matse rubutun iyakar matsewa, in ya ƙara matsewa, tsofaffi ba za su iya karantawa ba. Takardar da aka kawo daidai take, irinta kuma sai an sake aikowa daga Kano, sati biyu. Ko dai a ɗaga ranar taro, ko a cire shafi biyu.

Ɗaga rana, bayan an gaya wa manya, bai ma shiga lissafin Malam Zubair ba. Ya zauna a benci ya buɗe godiya da biro a hannu. Ya ɗora biron a kan suna na farko, ya ga fuskar mai sunan, ya ɗaga. Ya sauka na biyu, wannan shi ya yi masa hanyar aiki. Na uku ya halarci sunan 'yarsa. Har ya kai ƙarshen shafi na biyar bai soke ko ɗaya ba, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai ya juya can baya.

"Cire waɗanga na ƙarshe," ya ce.

Nathaniel ya karanta su, ya ɗago. "Baba, ai wannan gargaɗi ne. Ka tabbata?"

"Wa ab bai san ba a kwana da ƙwaya ba? Shekara talatin ina hwaɗi. Kuma ran taro ni da bakina zan hwaɗa."

Nathaniel ya sake tambaya sau ɗaya, aka sake ba shi amsa, ya yi abin da mai kaya ya ce.

Taro ya yi kyau, ba a magana. An cika harabar wata makaranta, aka yi ta jawabai, kowane mai jawabi ya fara da gaida waɗanda na gabansa ya riga ya gaida. Masu hali suka ɗauki kwafi goma-goma, ashirin-ashirin, suka ce za su raba wa manoman ƙauyukansu sadaka. Da aka zo kan marubuci, yana tsakiyar godiya aka kira la'asar, mutane suka fara naɗe tabarmi. Ya yi addu'a ya sauka. Sai da ya isa gida ya tuna bai faɗi Gargaɗin ba, ya ce a ransa ba komai, abu ne da kowa ya sani.

Bayan sati uku, ranar wata Talata, lokacin an gama sussukar wake kowa na neman inda zai adana, ya shiga kasuwa sayen igiya. A layin masu maganin gona ya ji ana karatu da ƙarfi, kuma kalmomin nasa ne. Wani mai shago ne ya buɗe littafin yana karanta wa mutane wajen ashirin, don ya gano karatun na jawo masa ciniki. Malam Zubair ya tsaya daga baya yana murmushi. Mai shago ya zo inda aka ce a jera buhunan a ɗaki mafi kyawun rufi, wanda iska ba ta shiga, a rufe ƙofa da taga. Sai wani manomi da ke gaba ya ce da na kusa da shi, cikin jin daɗi:

"To ai ni ɗakin kwananmu na mai silin. Can zan kai su, ɓarawo ma ba ya kai garai."

Malam Zubair ya daina murmushi. Ya jira mai shago ya ce a'a, ya jira wani cikin taron ya ce a'a. Ba wanda ya ce komai, wani ma gyaɗa kai ya yi. Ya kutsa ya kama hannun manomin ya yi masa bayani, mutumin ya zaro ido ya ce shi wallahi bai taɓa ji ba, da barkono ya saba, bana ne ya samu wake da yawa. Malam Zubair ya juya ya tambayi mai shago tun yaushe yake wannan karatun. Ya ce kowace ranar kasuwa tun da littafin ya fito. Mutum nawa suka ji? Mai shago ya yi dariya ya ce wa ya ƙirga.

A nan ne ya gane abin da ya kamata ya fi kowa sani. A ƙasar nan littafi ɗaya ba mutum ɗaya ke karanta shi ba. Mai boko ɗaya ne zai zauna ya karanta wa talatin, talatin ɗin su koma gida su gaya wa matansu da maƙwabta, kowa ya ce ai a littafin Malamin Wake yake. Waɗanda ya yi wa gargaɗi da baki shekara talatin, da yawansu sun tsufa ko sun mutu, 'ya'yansu ne ke noma yanzu. Ya fito daga kasuwa bai sayi igiyar ba.

A ranar ya hau mota zuwa Kalgo. Nathaniel bai ce masa ai na gaya maka ba, ya dai ajiye aikin da yake yi ya buga shafi biyun a takarda guda, gaba da baya, kwafi dubu. Daga shagon Malam Zubair ya kira Malama Safiya, don ya rasa wanda zai kira. Ya zaci za ta yi masa gori, sai ta saurara har ya gama. Ta ce takarda ba za ta cimma abin da ya riga ya shiga kunne ba. Ta ce ya tafi gidan rediyo gobe da safe, ya faɗi sunansa da sunan littafin, ya ce akwai kuskure mai kisa a ciki, duk wanda ya sa buhu a ɗakin kwana ya fitar da iyalinsa yanzu. Ta ce kada ya lulluɓe maganar, ya faɗe ta tsirara. Ya ce to.

Bai je ba. Da safe ya sa riga ya fito da niyyar tasha, sai ya hango kansa a bakin duk waɗanda suka zauna a layin gaba ranar taro, ana cewa ashe littafin da muka ɗaga sama guba ne. Ya ce bari ya fara bin kwafin ɗaya-ɗaya tukuna, wataƙila a kashe wutar ba a yi kururuwa ba. Ya hau babur da takardunsa, ya bi gidajen waɗanda suka ɗauki goma-goma. Ko a nan bai ce kuskure ba, cewa yake an samu ɗan ƙari ne, a taimaka a liƙa a bayan littafin. Masu gida su karɓa su yi godiya su ajiye a kan tabarma, sun ga ba abin gaggawa ba ne. In ya tambayi inda kwafin suka tafi, wani ya ce ya ba direbansa ya raba, wani ya ce ya manta.

Kwana huɗu yana wannan yawo, kuma a kwana huɗun nan ya rame har wandonsa na zamewa. Abinci ba ya wuce masa. In wayarsa ta yi ƙara sai ya daɗe yana kallon lambar kafin ya ɗauka. In ya shiga ƙauye ya hango mutane zaune a ƙofar wani gida, sai ya rage gudu yana leƙen ko zaman makoki ne. Ran Asabar ya ji ana sanarwar rasuwa a masallacin unguwarsu, ya dafa bango har aka faɗi sunan, aka ce doguwar jinya ce, sannan ya saki numfashi, ya kuma ji kunyar sakin da ya yi. Da ya dawo gida da la'asar, Kubura ta ajiye masa ruwa ta tsaya a kansa, abin da ba ta saba ba.

"Malam, kwana huɗu kana tsoron a ce ka yi kuskure. Ni abin da nike tsoro a ce ka yi kisa. Gobe in ba ka tahi rediyon ga ba, ni zan tahi."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya yanke cewa Lahadi da safe zai biya Maruda, inda aka ce wani malamin firamare mai suna Albarka na da kwafi, daga can ya wuce gidan rediyo a Birnin Kebbi.

Ya tarar da Albarka a ƙofar gida da hantsi. Da Albarka ya ji bayani, wannan karon ba lulluɓi, sai fuskarsa ta canza. Ya ce shi bai sa ƙwaya ba, amma ya karanta wa yayarsa Jidda babin gaba ɗaya. Jidda mai ƙosai ce, mijinta ya rasu, bana ta sayi wake buhu shida don ya kai ta damina. Da toka ta saba, littafin ne ya nuna mata ƙwaya ta fi ƙarfi in buhu ya yi yawa. Ran Juma'a da yamma ta sa. Kuma tun jiya yaranta ke amai, an ce zazzaɓi ne.

Ba su tsaya tayar da babur ba, da ƙafa suka tafi, Malam Zubair na gudun da ya yi shekara ashirin bai yi ba. Albarka ya yi sallama ya ja shi har tsakar gida. Jidda na zaune a bakin murhu ta ɗaure kai da ɗankwali, ta ce kanta kamar zai tsage. Ɗaki ciki da falo ne, labule kawai ya raba su. Tun daga bakin ƙofa warin ya bugi hancin Malam Zubair, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi, warin da ya sani tun yana saurayi a aiki. 'Yan mata biyu ƙanana na kwance a falo an lulluɓe su. Mahaifiyar su Jidda, tsohuwa tukuf da kowa ke kira Inna, tana kwance a bakin labulen, don nan ne ba iska, ita kuwa sanyi take gudu. Bayan labulen buhu shida ne a jere, an toshe taga da tsumma, daidai yadda littafi ya ce.

Malam Zubair ya toshe hanci da hularsa ya sunkuci yarinya ɗaya, Albarka ya ɗauki ɗaya, suka dawo suka kinkimo Inna da tabarmarta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, numfashinta na fita da ƙyar. Aka samo mota aka kai su asibiti. A hanya Jidda na ta yi masa godiya, tana cewa Allah ne ya jefo shi, shi kuwa ya kasa kallonta. Tun a gida, a gefen murhunta, ya ga ƙaramar rediyo rataye a ƙusa, kuma Albarka ya ce kullum a kunne take in tana suya. Da ya je gidan rediyo ran Laraba kamar yadda aka ce masa, da ta ji kwana biyu kafin ta sa ƙwayar.

Daga asibiti ya wuce gidan rediyo. Ya faɗi sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu. Ya ce akwai shafi biyu da ya cire da hannunsa, ba laifin mai bugu ba ne, ba laifin masu karatu ba ne. Ya roƙi duk wanda ke da buhu mai ƙwaya a ɗaki ya fitar da mutane kafin ya gama jin wannan magana. Aka yi ta maimaitawa kwana uku. Yaran Jidda suka farfaɗo ran Litinin. Inna ta rasu a ranar, bayan azahar.

Abin da ya biyo baya kowa a Gwandu ya sani. An yi maganar sati biyu aka bari, wasu ma yaba masa suka yi. Ya bi kwafin har ya liƙa wa ɗari biyu da saba'in da ɗaya takarda da hannunsa, sauran ashirin da tara har yau bai san inda suke ba. Shi ya sa duk kaka, in an fara sussukar wake, barci ke ƙaurace masa, ya koma bin layin masu maganin gona kowace kasuwa yana magana da duk wanda ya ga ya sayi ƙwaya. Ya sake aika wa Malama Safiya rubutun, ya ce ta yi yadda ta ga dama da shi, yana jira ko shekara nawa ne. In matasa masu son buga littafi suka zo neman shawara, ba ya ce musu kamfani ya fi ko bugun kai ya fi. Cewa yake ko wanne za su bi, su nemo wanda ba ya jin nauyinsu ya karanta, kuma in ya faɗi abin da ba su so, su kwana uku kafin su ƙi.

Wannan duk daga baya ne. Ranar sadakar uku ta Inna, shi kaɗai ya tafi Maruda, ya hana Kubura raka shi. Tun daga bakin gari ya sauka yana tura babur. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa a kore shi, har ya shirya wa duka. Sai aka tashi aka ba shi tabarma a inuwa. Dattawa suka ce kwana ne ya ƙare, Inna ta tsufa, dama tana fama da ƙirji, ya daina sa wa kansa damuwa. Wani ya ce ai ba don shi ba da gawa uku za a yi. Kowace kalma ta alheri sai ya ji ta fi zagi ciwo, ya sunkuyar da kai yana amsa amin.

Bayan an shafa fatiha, Albarka ya shiga ciki ya fito, ya durƙusa kusa da shi ya yi ƙasa da murya. Ya ce Jidda ta ji a rediyo akwai shafi biyu da aka cire. Ita ba ta karatu. Tana so Malam ya karanta mata su da bakinsa, ta ji abin da ke ciki.

Aka kai shi ƙofar zaure ta ciki, inda aka rataya tabarma tsakaninsa da mata. Yana jin motsinsu, yana jin tarin ɗaya daga cikin yaran. Ya ciro takardar daga aljihu ya buɗe. Ya karanta cewa kada a ajiye buhu mai ƙwaya a ɗakin da mutum ke kwana, ko ɗakin da ke haɗe da shi, ko da akwai ƙofa a tsakani. Ya karanta alamomin, ciwon kai da amai da nauyin ƙirji. Ya karanta cewa tsofaffi da yara ta fi saurin kayarwa. Ya juya baya ya ƙarasa. Duka bai kai minti huɗu ba.

A ciki ana jira ya ci gaba. Da aka ji bai ci gaba ba, sai muryar Jidda ta fito daga bayan tabarmar, ba faɗa a cikinta, tambaya ce kawai.

"Shi ke nan, Malam? Iyakar abin ke nan?"

"Iyakar abin ke nan," ya ce.

Ya tsaya a wurin da takardar a hannu, yana jiran ta ƙara wata magana. Ba ta ƙara ba.